Rumbun Zamani

Wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta, ta zube kuɗi a kan katakon kiyos, wato ɗan shagon Lubabatu. Takardun sun sha ninki, suna warin daddawa da hayaƙin murhu. Ta ce sunanta Inna Basira, daga Ɗan Kassari take, ta sayar da bijiminta da waken bana duka, kuma tana son a ajiye mata kuɗin a cikin salula, inda suke haihuwa.

Lubabatu ta dubi kuɗin. Sana'arta ke nan a bakin tashar Dogon Dutsi, tura kuɗi da cirewa, kuma ta san inda irin wannan magana take nufa.

Ta jawo wa tsohuwa benci, ta buɗe wayarta ta nuna mata asusu biyu. Na farko na banki ne, ribarsa kaɗan, sai shekara ta zagayo, amma ranar da mutum ya nemi abinsa zai samu. Na biyu shi ne Rumbun Zamani, wanda ya shigo gari da damina da alkawarin ninka kuɗi kafin kaka. Ba shi da ofis, ba shi da ƙofar da za a ƙwanƙwasa, lambar waya ce kawai da hotunan mutane suna dariya.

"Wanga na biyu nika so," in ji Inna Basira. Ko kallon na farkon ba ta yi ba.

Lubabatu ta yi ƙoƙarin danne zuciyarta, ta kasa. Ta gaya mata abin da duk tasha ta sani: tun watan jiya Rumbun ya daina biya. Malaman lakwal, wato makarantar boko, sun zuba albashinsu, 'yan kabu-kabu sun zuba kuɗin babura, wata mai waina ta zauna a kan bencin nan ta yi kuka har muryarta ta dushe. Yanzu mutane sun haɗa kai, in Juma'a ta wuce ba a biya ba, za su kai mai asusun wurin jandarma, jami'an tsaro. Wasu samari ma sun rantse ba za su jira jandarma ba.

Tsohuwa ta saurara, idonta a ƙasa. Lubabatu ta zaci za ta tambayi ribar da za ta samu, kamar kowa. Sai ta ji wata tambaya daban.

"In sabbin kuɗɗi sun shiga, ana biyan waɗanda sunka zuba da farko?"

"Haka ɓarayin ga ka yi, Inna. Su amshi naki su toshe bakin wani. Ke kuma wa za ya biya ki?"

Inna Basira ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka ba amsar da ta zo nema.

Abin ya ƙona wa Lubabatu rai. Ta dubi hannuwan nan da suka tsage saboda noma, ta tuna sauran watannin da ke gaba kafin wata kaka, ga rumbun gaske an bari wayam saboda na ƙarya. Bakinta ya kuɓuce. Ta zagi mai asusun tas, ta ce Allah ya isa tsakaninsa da talakawa, ta ce duk uwar da ta haifi irin wannan ba ta yi tarbiyya ba. Mai shayin da ke gefe ya ce amin da ƙarfi. Tsohuwa ba ta ce ba. Mayafinta kawai ta ƙara ja, ta rufe rabin fuska.

"Tura, ɗiyata. Rana na yi."

Lubabatu ta fara laluben lambar a wayarta, amma tsohuwa ta riga ta. Matar da ba ta san baƙi ba ta jero lambar nan tiryan-tiryan, ba gargada. Lubabatu ta danna, tana addu'a a ranta rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke. Bai ɗauke ba. Sunan mai karɓa ya fito a fuskar wayar.

Dabara ɗaya ta rage mata. Wataƙila in tsohuwa ta ji sunan ɓarawon a bakinta, hankalinta zai dawo.

"Abdulhakim Umaru," ta karanta da ƙarfi. "Inna, ƙa'idar kiyos ce, ban turawa sai kin maimaita sunan da bakinki."

Tsohuwa ta ƙara sunkuyar da kai.

"Ki ce Abdulhakim Umaru, in tura. In ba ki ce ba, ki kwashi kuɗɗinki ki koma gida."

Inna Basira ta ɗago kai, karo na farko tun zuwanta. Hawaye ya riga ya jiƙa gefen mayafin, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ɗiyata, ki tura hakanan, don Allah, kahin su taɓa shi. Tun da na haihe shi bakina bai taɓa kiran sunan ga ba. Ɗan fari na."