Zaren Yanka Tuwo

Da rana ta take, ƙarti shida suka kife tukunyar tagulla a kan faffaɗan katako a dandalin coci, tuwon masarar nan polenta ya baje yana tururi. A ƙauyen nan wuƙa ba ta taɓa tuwon bikin bazara. Da zare ake yanka shi, mai tuƙi ya riƙe baki ɗaya, matar gidansa ta riƙe ɗayan. Ermes ke tuƙi tun rasuwar mahaifinsa, kuma da yake ba shi da aure, mahaifiyarsa Cesira ke kama masa.

Nives, budurwar da Ermes ke nema, tana gefe tana jera farantai. Ta ga tsohuwar ta goge hannu ta miƙo kamar kowace shekara. Ermes ya wuce hannun, ya zo da zaren ya tsaya a gaban Nives.

"Kama, Nives."

Makaɗan bikin suka dakatar da kiɗa.

"Ka san abin da kake yi kuwa?" ta ce ƙasa-ƙasa.

"Na sani."

"Wannan da ko ruwan zafi ba ta iya dafawa ba?" in ji Cesira da ƙarfi. "Ermes, da raina?"

Nives ta dubi zaren, ta dubi hannun tsohuwar da har yanzu bai sauka ba. Ta naɗa zaren a yatsa, suka ja tare.

"Ya karkace," Cesira ta ce.

Nives ta ɗora yankan farko a faranti, ta ajiye a hannun nan.

"Baɗi zai miƙe, Mama."