Babu Wurin "Ban Sani Ba"

"Amsa uku suka bayar, ƙanwata," in ji mai shagon, yana karanta wa wata mata tambayoyin wata ƙungiyar agaji a wayarsa. "Mijinki yana nan Tamanrasset, ko ya koma gida ƙasarku, ko ya rasu. Sai an taɓa ɗaya shafin gaba zai buɗe."

"Alhaji, rubuta musu ban sani ba."

"Ba su bar wurinsa ba."

Tun kafin azumi mijinta ya hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa garin In Amguel aikin gini, daga nan wayarsa ta daina shiga. Ta bi tasha, ta bi asibiti, har direbobi suka fara kau da kai in sun hango ta. Maƙwabciyarta, wadda nata mijin ya rasu a hanya, ita ta ce mata a ƙarshen tambayoyin akwai inda ake sa hoton mutum a bi sawunsa. Hoton yana hannunta, gumi ya jiƙa shi.

Ba ta ga gawa ba, ba ta shiga takaba ba. Ita za ta kashe shi da bakinta?

"Sa ya koma gida. Allah ya sa haka ne."

Ya taɓa. Ta miƙa hoton, bai karɓa ba.

"Sun rufe tambayoyin, ƙanwata, kuma sau ɗaya ake amsawa. Da alama wurin hoton na waɗanda suka ce ya rasu ne."

"Ba su ce komai ba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Sun ce suna taya ki murna, ya isa gida lafiya."