Hirar Matar Kofur

Karo na huɗu ke nan matar tana ɓata jimla ɗaya, kuma duk ta ɓata sai ta ƙyalƙyale da dariya.

Kyaftin, jami'in hulɗa da jama'a na bataliyar, ya ɗaga wa mai kyamara hannu ya dakata. Kwana tara da kashe wani kofur a kwanton ɓauna, gidajen rediyo sun cika da zancen cewa an watsar da iyalinsa, ko gaisuwa ba a je ba. Kanar ya kira shi ofis, ya ce kafin labaran yamma yana son faifan da matar marigayin za ta ƙaryata maganar da bakinta. Ya ce shi da kansa zai aiko ta.

Tun da safe Kyaftin ya sa aka share harabar, aka shafa wa duwatsun gefen hanya farin fenti, aka kori masu talla da wata mai goyo da ta kafe a bakin get da takardu cikin leda. Ba ya son abin da zai ɓata hoto.

A motar Kanar aka kawo matar, tana taunar cingam. Bayan gaisuwa, abin da ta fara tambaya shi ne ta wane ɓangare fuskarta ta fi fitowa.

"Mijina saje ne mai kishin ƙasa," in ji ta.

"Kofur," Kyaftin ya gyara mata.

"To, kofur. Ranka ya daɗe, kukan fa? Tun farko zan fara ko sai wajen ƙarshe?"

Kyaftin ya tsaya yana kallonta. Ya san marigayin. Mutum ne da ba ya zama minti biyar bai ambaci maman yaransa ba, har abokan aiki suna tsokanarsa wai ta shanye shi. Yau ga ta, an ajiye hotonsa a teburin gabanta, ta ɗora robar ruwanta a kan fuskarsa.

Sau ɗari ya rubuta "komai na tafiya daidai" alhali ya san ba haka ba ne, bai taɓa jin ƙazanta a jikinsa irin ta yau ba. Ya kawar da kai ya ce a ci gaba.

A karo na shida ta dangwali man zafi ta goga ƙarƙashin ido. Hawaye suka zubo shar. Ta gode wa Kanar, ta ce ba abin da ita da yara suka nema suka rasa, ta roƙi 'yan jarida su ji tsoron Allah. Mai kyamara ya jinjina kai. Nan take aka tura faifan.

Tana gyara hoda a madubin mota Kyaftin ya biyo ta da hoton. Bai iya haɗa ido da ita ba.

"Baiwar Allah, kin manta mijinki."

Ta dubi hoton, ta dube shi, ta taɓe baki.

"In kai shi ina? Ni ƙanwar matar Kanar ce, ko a hanya ban taɓa ganin mutumin nan ba. Ka kai wa matarsa, ai ita ce ka sa aka kora daga bakin get."