Mai Leƙen Zaren Haske

"Ajiye makullin, ki tafi," in ji Oga.

Injiniyar ta kalli na'urar da ta haɗa, mai tura ƙwayar haske ɗaya bayan ɗaya ta cikin zaren gilashi. Da an leƙa zaren, sai ƙwayar ta lalace, saƙon sirri ya tsaya. Tun watan jiya yake tsayawa.

"Wallahi, ranka ya daɗe, ba ni ba ce."

"Yarinya, ni za ki yi wa hawaye? Tun watan jiya na sa aka maƙala min na'urar leƙe a zaren, a ɓoye. Ba ta kama kowa ba. Saura wa, in ba ke ba?"

Ta buɗe baki za ta ce na'urar leƙensa ce ke tsayar da saƙon. Mai gadi ya riga ya buɗe ƙofa.