Gobe Yagana Za Ta Bi Masu Majigi

Da hantsi Mato baduku ya tarar da Yagana a bakin rijiyar garin Tanut. Duk ƙasar Damargu an san ta da kwaikwayon mutane a dandali, shi ya sa Nasara masu ɗaukar majigi suka nemi ta bi su ƙasarsu ta riƙa yi musu wasa.

"An ce gobe za ku tashi," in ji Mato. "Jibi kawuna zai je nema mini aurenki."

Yagana ta sunkuyar da kai. Tana son sa, ta kuma san in ta shiga ɗakinsa, da kanta za ta bar wasa, don kada a yi masa dariya a kasuwa.

"Mato, a nan sakarci ake ce wa abin da nake yi. Su kuwa sana'a suka kira shi."

"Ni ban taɓa faɗa ba."

"Na sani. Shi ya sa kai kaɗai nake jin zafin bari." Ta ɗago ido. "Ka ce wa kawu ya huta."

Mato ya sunkuya ya ɗora mata tulunta a ka.