Tsinken da Ya Faɗi Wajen Gurbi

Kai da kake cewa ba wanda ya san damuwarka, zauna ka ji. A wani gari an yi wani mai ɗinkin hula da wani maƙeri, shekara talatin suna buga dara a gindin tsamiya bayan la'asar, shi da tsinkaye, maƙerin da tsakuwa. Kullum mai hula yakan fara da kafa tsinkensa a gurbin tsakiya, har yara sun haddace. Ashe yana ta fara rufe masa ido, bai gaya wa kowa ba, don ranar da gari ya ji, ranar za a daina kawo masa ɗinki, ga shi da allurar nan yake ci da gida. Sai unguwanni suka haɗa gasa, aka sa rago, su biyun suka kai ƙarshe, jama'a ta yi da'ira. Mai hula ya miƙa hannu zai buɗe wasa, sai ya soke tsinken a kan tudun da ke tsakanin gurbi biyu. Mutane suka ɗauka raha ce, aka yi dariya. Maƙeri bai yi ba. Ya gane abokinsa ba ya gani sosai, tausayi ya kama shi.

To, ka san abin da ya yi? Bai sakar masa wasa ba, wannan ai cin fuska ne. Sai ya tura tsinken cikin gurbi da ɗan yatsa, ya shiga cika baki, abin da bai taɓa yi ba. Duk tsakuwar da zai ajiye sai ya ɗaga murya: "Layi na biyu, gurbi na uku daga gabas! Malam, in ka isa ka tare!" Jama'a na ta cewa yau maƙeri ya sha kunu da zafi. Mai hula kuwa ya sunkuyar da kai, yana ganin dara da kunnensa. Da ya samu hanya bai yi sanya ba, ya jera uku, ya ci, ya sake ci, har rago ya zama nasa. Da aka watse maƙeri ya riƙe igiyar ragon ya raka shi gida, yana gaba kaɗan don ya bi sawunsa. A ƙofar gida mai hula ya ce, "Tun yaushe ka sani?" Ya ce, "Tun tsinken farko. Gobe ka shirya, asibitin ido za mu."

Shi ya sa Hausawa suka ce, abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa.