Koriyar Fitilar Ɗakin Mata

Tun da aka fara ɗaura wa kowane mara lafiya munduwa mai kai rahoton jikinsa ofis, fitilar ƙofar ɗakin mata ba ta taɓa yin ja ba. Kullum kore shar. Sista Binto, shugabar ɗakin, har lambar yabo aka rataya mata.

Ranar da Ladidi, sabuwar nas, ta kama aiki, ta tarar da Iya Tabawa tana numfashi da ƙyar, ƙafafu sun kumbura suntum, hannu kuwa babu munduwa. Ashe tana hannun 'yarta Hansai, mai jinyarta, wadda ke kan tabarma tana cin ɗanwake.

"Sista ce ta ce in riƙe mata, wai kada fitila ta yi ja," in ji Hansai.

Ladidi ta kwance munduwar, ta mayar wa tsohuwar. Nan take ƙofa ta yi jajur, ƙararrawar kiran likita ta ɗauka.

Binto ta faɗo a fusace. "Ke! Daga zuwanki za ki ɓata mana suna?"

Ladidi ta dube ta sama da ƙasa, ta taɓe baki.

"Ai ga Hansai nan, Sista, lafiyarta ƙalau. Ki ci gaba da jinyarta. Ni dai ki matsa daga ƙofa, likita zai shigo."